Riƙon Dabbobin Mutane A Gida: Sana'a Ce, Amana Ce

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Yindiski, Potiskum



A Ingila da Amurka akwai masu buɗe gidajensu suna riƙe wa mutane ƙananan karnuka, a kawo da safe, a ɗauka da yamma, a biya su. To, kada mu yi dariya, mu ma muna da irinta, sai dai namu raguna ne da awaki. Ma'aikaci ya sayi ragon layya tun yana da araha, gidan haya yake, ba wurin turke. Falke ya sayi awaki a kasuwar shanu ta Potiskum ran Laraba, mota ba ta cika ba. Duk waɗannan mai riƙo suke nema, kuma matanmu da samarinmu sun fara shiga wannan sana'a. Madalla. Amma akwai gyara.

Bara a unguwar nan an kawo wa wani ɗan'uwanmu tunkiya daga kasuwa, ya haɗa ta da na gida a ranar. Kafin mako biyu, uku sun mutu, biyu ba nasa ba ne. Har yau shi da maƙwabcinsa gaisuwa sama-sama suke yi. Saboda haka muke kira da abu huɗu.

Na farko, kafin a karɓi dabba a yi magana a gaban shaidu biyu, a rubuta. Nawa ne ladan riƙo a mako? Wa zai sayi abinci da magani? In ta mutu ko aka sace, asarar wa? Kunya ba ta biyan rago, jama'a.

Na biyu, baƙuwar dabba a ware mata turke nesa da sauran, da kwanon ruwanta dabam, har mako uku. Cutar nan mai sa majina da zawo da gyambon baki, wadda likitoci ke kira PPR, tun 1942 aka gano ta a ƙasar Kwaddibuwa, kuma shaƙar numfashi kaɗai ta isa ta yaɗa ta. Ba ta da magani, rigakafi ne da ita. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar. Mu nemi malamin dabbobi, mu bar allurar ka-ci-ɓus a hannun yara.

Na uku, abinci. A tanadi harawa da kowa da dusa tun da kaka, lokacin da suke da sauƙi. A riƙa ba da kanwa ko gishiri, da ruwa mai tsabta. Kada a cika wa rago ciki da hatsi rana ɗaya don ya yi ƙiba, kumburi zai kashe shi. Leda kuwa a tsince ta kullum, don in ta taru a tumbi dabba sai ta rame tana ci.

Na huɗu, haƙƙin maƙwabta. A yi rumfa, a share taki kowace safiya, a kai wa manoma, shi ma kuɗi ne. Kada a saki akuya ta shiga gonar mutane da damina. Mu tuna, iyayenmu sun zo garin nan ne suka tarar da Ngizim da Karekare da Bolewa, aka karɓe su hannu biyu saboda riƙon amana. Akuya ɗaya tana iya ɓata sunan da aka shekara ana ginawa.

Shawararmu ita ce, mai farawa ya fara da uku ko huɗu. In ya mayar wa masu su lafiya lau, baɗi ba sai ya yi talla ba.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da garinmu lafiya.