Jawabi Kan Makaɗan Fadar Rasha Da Suka Zama Na Duniya



Duk wanda ya tashi a ƙasar Kauru ko Kafanchan ya san tambari da kakaki da algaita, ya kuma san sau da yawa ƙungiyar makaɗa takan watse ran da ubanta ya kwanta dama. To, jawabin yau a kan wata ƙungiya ne ta ƙasar Rasha, wadda ta ga bayan sarakuna da gwamnatoci, ita kuwa tana nan daram.

A shekarar 1882 Sarki Iskandar na Uku ya kafa ta a birnin San Fitasbag, don ta riƙa yi wa fada kiɗa. Da aka tumɓuke sarauta a 1917, makaɗan ba su bi sarki sun faɗi ba, sai suka koma hannun hukuma, a 1921 kuma aka mai da su makaɗan birni. Sunan birnin kansa ya sake har sau uku, watau Fetirogirad a 1914, Leningirad a 1924, sa'an nan ya koma sunansa na asali a 1991.

Irin wannan ƙungiya takan haɗa mutum wajen ɗari, da masu goge manya da ƙanana, da masu busa, da masu ganga. Kowa na duban takardar da aka rubuta kiɗan a ciki, madugu guda na tsaye gabansu yana ba da umurni da hannu. Yevgeny Mravinsky ya riƙe wannan matsayi shekara 50, daga 1938 zuwa 1988.

Su ma sun ɗanɗani zaman baƙunci. A 1941, da sojojin Jamus suka doshi Leningirad, aka kwashe makaɗan zuwa Nobosibiris, can cikin Saiberiya. Shekara uku suna yi wa jama'a wasa a can, ba su ajiye sana'a ba, sai 1944 suka komo gida.

Bayan yaƙi duniya ta san da su. Sun je Ingila a 1960, suka je Amurka a 1962, lokacin da gaba ta yi tsanani tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat. Faya-fayan garmaho da suka yi a 1960 na kiɗe-kiɗen Tchaikovsky har yau ana neman su. Wanda ya gaji Mravinsky kuwa, Yuri Temirkanov, ɗan wata ƙaramar ƙabila ne ta duwatsun Kokeshas. Gwaninta ta kai shi, ya shugabance su har 2022.

Me ya raya su? Abu uku ne: an rubuta kiɗan, an kafa makarantun koyar da shi, an kuma yanka wa makaɗi albashi. Saboda haka mutuwar madugu ba ta zama mutuwar ƙungiya ba.

Jama'a, ga abin dubawa. Yaran da aka haifa a Kudu da yawansu ba su taɓa ganin bikin Afan na Kagoro ba, ba su san taken garinsu ba. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan gari su ɗauki muryoyin tsofaffin makaɗa tun suna raye, su rubuta, su kuma tallafa wa masu koyo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa a gama lafiya, ya mai da kowa gida lafiya.