Renon Karen Jagora Don Makafi: Aikin Da Masu Sa Kai Za Su Iya Ɗauka A Tarauni



Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum kusan miliyan 1.13. Arewa maso yamma ce ta fi kowane yanki yawansu. Yanar ido ta haddasa kashi 43, hawan jinin ido kashi 16.7, kuma kashi 84 na makantar ana iya kauce mata ko a magance ta. Wannan fagen likitocin ido ne, na asibitin Malam Aminu Kano da ke nan maƙwabtanmu da na ECWA, kuma suna ƙoƙari. Damuwata wanda idonsa ya riga ya tafi, ba dawowa. Wa ke riƙe masa sanda?

Ku tsaya a danjar Gyadi-Gyadi da hantsi. Yarinya ce 'yar shekara takwas a gaba, hannu ɗaya riƙe da bakin sanda, ɗayan da robar bara, tana kutsawa da mahaifinta tsakanin adaidaita sahu, sa'o'inta kuwa suna aji. Waɗancan alƙaluma ba su ƙidaya ta ba, alhali makantar uban ta cinye karatunta.

Karen jagora na iya ɗauke mata wannan aiki. Jamus ta buɗe makarantar horar da karnukan jagora a Oldenburg a 1916, saboda sojojin da yaƙi ya makantar. Amurka ta bi sahu a 1929, Ingila a 1931. Kada a ce abin na Turawa ne kaɗai: Gladys Evans ta kafa ƙungiyar karnukan jagora ta Afirka ta Kudu tun 1953.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekarar farko ta rayuwar karen ba a hannun ƙwararru take ba. Ana miƙa ɗan kwikwiyo mai mako bakwai ko takwas ga mai sa kai, ya rene shi a gidansa har ya kai wata 12 zuwa 16, sannan ya mayar da shi makaranta a koya masa jagoranci. Mai reno ba ya karɓar albashi. Aikinsa ya saba wa karen da duniya: ya yi tafiya a gefen hagu ba tare da fizgar igiya ba, ya kwanta shiru a cikin mota, ya wuce teburin mai tsire bai karkata ba, kada ya bi akuya, kada ƙarar janareta ta razana shi, ya yi bahaya inda aka nuna masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga baya ne ƙwararru ke ɗora darasi mafi wuya, wato ya ƙi bin umarnin maigidansa idan ya ce a tsallaka alhali mota na tafe.

Shi ya sa nake cewa dole a yi renon a nan. Karen da ya tashi a Landan bai san buɗaɗɗen lambatu ba, bai san ɗan adaidaitan da ke biyo hannun da ba nasa ba, bai san cunkoson tashar Unguwa Uku ba. Wanda ya girma a lungunan Ƙauyen Alu, ana ratsa kasuwar Tarauni da shi kullum, ya san su tun yana ƙarami. Masu renon ma muna da su. Mafarautanmu sun gaji horar da kare kaka da kakanni, ga ɗalibai da tsofaffin ma'aikata masu fili a gida.

Za a ce addini. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallage umarni ne da ake bi don bauta. Hadisi ya halatta ajiye kare don farauta da kiwo da noma, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A 2008 wata majalisar malaman shari'a ta Birtaniya ta ba da fatawa cewa wani saurayi makaho a Leicester zai iya zuwa masallaci da karensa, a keɓe wa karen wuri daga bakin shiga. Fatawar Kano dai malaman Kano ne za su ba da ita, kuma ina roƙonsu su zauna a kan mas'alar.

Ciwon haukan kare gaskiya ne, yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara. Maganinsa allurar rigakafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana sarrafa ta. Kuɗin ciyarwa da magani ma akwai nauyi, ƙungiya ce za ta ɗauka.

Inda haƙurina ya ƙare shi ne wajen hukuma. Tsohon shugaban ƙasa Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen gwamnati. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman a 2020. Ku fita ku bi titin Zariya da ido a rufe, ku ga ko za ku kai gadar Dangi lafiya. Gefen titi ya zama wurin ajiye mota da kasa kaya, murafen lambatu sun yi ɓatan dabo. Kare komai horonsa sai ya sami inda zai taka, sandar makaho ma haka. Ba kowane makaho ne zai so kare ba, ba kuma kowa zai iya riƙe shi ba, amma wanda yake so yana da haƙƙin a ba shi zaɓi.

Ina neman ƙaramar hukumar Tarauni da ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a su amince da gwaji na 'yan kwikwiyo goma, a gidaje goma na masu sa kai, likitocin dabbobi na duba su, a kuma nemi mai horarwa daga Afirka ta Kudu. Ƙungiyoyin makafi su zaɓi waɗanda za su fara karɓa, a fifita iyayen da 'ya'yansu suka bar makaranta don yi musu jagora.