Da'awa da Hujja: Misali Daga Rijiyar Kusugu

Malaman manɗiƙi, watau ilmin auna magana, sun raba kowace muhawara gida uku. Akwai da'awa, abin da mai magana yake so a yarda da shi. Akwai hujja, abin da ya kawo don ya tsayar da da'awar. Na uku, wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi a rubutunsu, shi ne dangantakar da ta ɗaure hujja da da'awa har ta wajabta natija.

A ɗauki labarin Bayajidda. Da'awar ita ce wani baƙo daga Bagadaza ya sauka Daura, ya kashe macijiyar da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama, kuma daga zuriyarsa sarakunan Hausa Bakwai suka fito. In aka nemi hujja, sai a nuna rijiyar Kusugu. To, rijiyar tana nan, kowa yana iya zuwa ya leƙa. Amma abin da ta tabbatar shi ne akwai tsohuwar rijiya a Daura wadda mutane ke girmamawa. Ba ta faɗi wanda ya zo bakinta da dare ba, balle garin da ya fito. Hujjar gaskiya ce, sai dai ba ta kai nauyin da aka ɗora mata ba. Ma'aikacin da ya taɓa karanta rahoto mai tarin alƙaluma da ba su shafi shawarar da ke ƙarshensa ba ya san wannan ciwo.

Masu digiri ma ba su tsira ba. A 1966 W. K. R. Hallam ya danganta Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimiyyawa tawaye a Arewacin Afirka, ya rasu a 947. Kamannin suna alama ce, ba dalili yankakke ba, kuma shi kansa hasashe ya yi, amma masu kwafa suka mayar da shi tabbas.

Sannan akwai hujjar abokin jayayya, wadda mai rubutun kirki ba ya ɓoye ta. A cikin Infaƙul Maisuri, Muhammadu Bello ya ambaci Bawo a matsayin bawan Sarkin Barno. Ɗalibin da ya ɗauki ɓangaren Bagadaza dole ya kawo wannan ruwaya, ya bayyana abin da ya sa ya fifita tasa a kanta.