Filogi Yana Juyawa, Ya Ƙi Ɗauruwa: Yadda Ake Ceto Tiredin Da Ya Lalace

 Yau garejin bakanike za mu leƙa. Ko babur gare ka, ko ɗan janareta a shago, ko keken ɗinki, maganar nan ta shafe ka.

Duk wanda ya taɓa riƙe sufana ya san wannan yanayin. Kana ɗaure filogi, ya fara tauri, ka ce bari in ƙara masa kaɗan, sai kawai ka ji ya saki, yana ta juyawa ba ya kama komai. To, tiredi ya tafi ke nan. Tiredi shi ne haƙoran nan da suka nannaɗe jikin bol, da 'yan'uwansu na cikin noti ko cikin rami. Abin da nake so ku riƙe a yau guda ɗaya ne: gyaran tiredi hawa-hawa ne. Ana farawa da gyaran da ba ya cin ƙarfe, domin ƙarfen da ka kankare ba ya dawowa.

Me ke kashe shi tun farko? Filogi da bol ƙarfe ne mai tauri, shi kuwa kan injin babur alminiyam ne, mai taushi. In aka yi gardama tsakaninsu, alminiyam ne zai sha kashi, kuma shi ne mai tsadar. Sannan nauyin ɗauri ba ya rabuwa daidai. Haƙorin farko shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin. In ka matsa fiye da ƙima, shi zai fara yagewa, sauran su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma sa bol a karkace, da kwance filogi inji na da zafi, da cusa bol ɗin da ba na wurin ba.

Wannan na ƙarshen, bari mu ɗan tsaya a kansa. A gareji za ka ji an ce "miƙo min bol lamba 10". Wannan lambar sufana ce, ba kaurin bol ba. Bol ɗin da sufana 10 ke kamawa yawanci kaurinsa milimita 6 ne, ana rubuta shi M6. Shi kuma M8, a injinan Japan sufana 12 ke kama shi, a na Turai 13. Bayan kauri akwai tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. M6 tazararsa milimita 1 ce, M8 kuma 1.25. Amma M10 akwai mai 1.5, akwai mai 1.25, kuma a ido kamar tagwaye suke. Ka sa wannan a ramin wancan, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije. In ka tilasta shi da sufana, ka gama da ramin.

Akwai ma bol ɗin inci, wanda ake samu a wasu kayan Amurka da tsofaffin injinan Ingila. Wani injiniyan Ingila, Joseph Whitworth, shi ya fito da ma'auni na bai-ɗaya a 1841, haƙoransa na da kusurwar digiri 55. A 1864 William Sellers na Amurka ya kawo nasa mai digiri 60, kuma 60 ɗin ce ke jikin bol ɗin milimita na yau. Gwaji mafi sauƙi: ka haɗa tsohon bol da sabo gefe da gefe, ka ɗaga su wajen haske. In haƙoran sun shige juna ba haske a tsakani, tazararsu ɗaya ce.

To mu shiga gyara. Hawa na farko, wanki. Sau da yawa tiredi bai mutu ba, tsatsa da datti ne suka cika shi. Burushin waya, ɗan kananzir, a goge, a duba da tocila.

Hawa na biyu, miƙar da haƙoran da suka kwanta. In a jikin bol ne, ƙaramin magagari mai kusurwa uku zai yi aikin, don kusurwarsa digiri 60 ce, daidai da kwarin tiredin. In bol ɗin mai araha ne ma, kawai canza shi, amma ka duba lambar da ke kansa. In 8.8 ko 10.9 aka rubuta, ka nemi mai wannan lambar, ƙarfinsa ke nan. In kuma cikin rami ne, ka samu lafiyayyen bol mai girman wurin, ka yanka masa tsagi biyu ko uku a tsaye, ka shafa mai, ka shigar da shi a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Zai miƙar da haƙoran, dattin ya taru a tsagin. Akwai taf, ƙarfen da ake yanka tiredi da shi, amma shi yanka yake yi, yana rage nama. Sai wancan ya gaza ake ɗauko shi.

Hawa na uku, in ka zaro bol ka ga zaren alminiyam ya nannaɗe a jikinsa kamar waya, haƙoran sun fita gaba ɗaya. Nan sai dashe. Wanda aka fi sani shi ne Heli-Coil, wata waya ce ta ƙarfe marar tsatsa da aka naɗe kamar sifirin. Ana ɗan faɗaɗa ramin da abin huda, a yanka sabon tiredi da taf na musamman da ke zuwa cikin kwalin, a murɗa wayar ciki har ta ɗan nutse, sannan a karya ɗan harshen da ke ƙasanta. Shi ke nan, bol ɗinka na asali zai koma wurinsa, kuma in an yi aikin da kyau yakan fi na da ƙarfi. Sharaɗin dai hudar ta tafi a miƙe.

Ramin filogi kuwa, tunda ana yawan kwancewa da ɗaurewa, an fi son dashe mai kama da ɗan bututu, irin su Time-Sert. A kula da girma: ƙananan babura na amfani da filogi mai milimita 10 ko 12, janareta da yawa kuma 14, kuma tsawon dashen sai ya yi daidai da na filogin. Abin da ya fi shi ne a sauke kan injin a yi aikin a kan tebur. In ba hali, a cika tsagin taf da giris don ya riƙe ɓarɓashin, a riƙa fito da shi ana gogewa. Ɓarɓashin da ya faɗa cikin silinda, garin neman gira an rasa ido.

Hawa na huɗu, ƙara girman rami, misali notin juye baƙin mai daga M12 zuwa M14, in akwai isasshen nama a gefe. Na ƙarshe, a cike da walda a sake hudawa, ko a shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemo wani.

Yanzu ga dabarun bakin titi: naɗa farin tef na masu famfo, cusa zaren waya, zuba gam. Kan murfin roba, to, ba laifi. Amma ka yi tunanin notin baƙin mai da aka riƙe da tef ya zame kana tsakiyar tafiya. Man zai tsiyaye, inji ya yi nokin, wataƙila ma ya jiƙa tayar baya. Filogin da aka liƙa kuwa, matsin inji na iya harbo shi waje. Batun birki, da bol ɗin taya, da kan babur, nan babu maganar dabara. Ko dai gyara na ƙa'ida a hannun wanda ya san aikin, ko a canza kayan. Araha ba ta ado, balle a inda rai yake.

Kafin mu rufe, ga rigakafi, musamman ga ƙannenmu masu koyon aiki. Bari inji ya huce. Fara kowane bol da yatsu, ka ɗan juya shi baya har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka yi gaba. In bai yi zagaye uku da hannu ba, kar sufana ta taɓa shi. Sabon filogi, bayan ya zauna da hannu, wajen rabin zagaye ya ishe shi, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan taɓi kawai. Kuma ku tuna akwai tiredin hagu, kamar fedar hagu ta keke, wadda ake kwancewa ta inda aka saba ɗaurewa.

Nan za mu dakata. In kana da aboki bakanike ko ɗan acaɓa, tura masa.