In Kiɗan Maƙwabciya Ya Hana Ki Sakat

Mai wanke-wanke ta ci gaba da abinta, mai tsintar shinkafa ta jawo farantinta kusa, aron kunne kawai nake nema.

Maganarmu ta yau ta taso ne daga saƙon wata baiwar Allah da ke zaune a gidan haya a Kurna, nan cikin Kano. Ta roƙi kada in faɗi sunanta, ba kuwa zan faɗa ba. Gidan irin mai ciki da falo ne a jere, bango ɗaya ya raba ta da wata amarya da ba ta fi wata 5 da tarewa ba. Ita mai saƙon jego take yi, kwananta 20 da haihuwa. Ta ce da zarar mazan gidan sun fita amarya za ta saki kiɗa, in an ɗauke wuta kuma akwai 'yar lasifikar nan mai caji da ake haɗawa da waya. Da dare ango ya dawo ya ɗora nasa har wajen ƙarfe 12. Jariri yana fara barci sai ya firgita, ita kuma kanta ba ya rabuwa da ciwo. Ta faɗa wa maigidanta, ya ce ta yi haƙuri, zaman haya ya gaji haka. Ranar da tura ta kai bango, ta ɗauki taɓarya ta bubbuga bangon. Amarya ta ƙara murya. Yau kwana 6 ke nan ba sa ga maciji, ga shi famfonsu ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Tambayarta ita ce: "Anti, in ci gaba da haƙuri ne, ko in matsa wa maigida mu tashi, alhali kuɗin shekara muka biya?"

To 'yar'uwa, sannu, Allah Ya raya. Kafin komai, ciwon kan nan ya tsaya min a rai. Ciwon kan da ya ƙi sauka a makonnin farko bayan haihuwa, balle in da ganin dishi-dishi ko kumburin fuska da hannu, ba a ɗora wa kiɗa laifinsa a zauna. Jini yana iya hawa bayan haihuwa ko da lafiya lau aka yi goyon ciki. Ki nemi izini yau ɗin nan a kai ki asibiti a auna.

Sai kuma in ce miki kukanki ba raki ba ne. Maigida da ya ce ki yi haƙuri bai yi ƙarya ba, amma shi yana idar da asuba ya kama hanyar kasuwa, sai bayan magariba. Ke kuwa ɗakin nan shi ne wurin barcinki, nan kike salla, nan kike sana'arki, nan kike jinya. Wanda zai iya sa takalmi ya bar wa ƙara gidan, ba zai san nauyinta kamar wadda take kulle ba. Masana suna auna ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Tun a 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin ɗakin kwana da dare ta wuce desibel 30 in ana son barci mai daɗi. Hirar mutum biyu ta yau da kullum tana kai wa wajen 60. Kin ga ke nan kiɗan da sai kin ɗaga murya a cikin ɗakinki kafin 'yarki ta ji ki, ya yi nisa da abin da jiki zai huta a cikinsa. Rashin barci kuwa in ya daɗe ba a ciwon kai yake tsayawa ba, yana kawo saurin fushi, yana taimaka wa hawan jini.

Yanzu bari in gaya muku abin da na fi so ku riƙe a shirin nan. Mafi yawan lokaci mai kiɗan ba ta san abin da kike ji ba. Wallahi ba ta sani ba.

Ku tuna gidajen kakanninmu na cikin birni, katangar ƙasa mai kaurin gaske, rufin azara da daɓe a sama. A yi daka a wannan sashe, na can sashen su sha barcinsu. Gidajen hayar yanzu fa? Bulo ne mai rami a ciki, sau da yawa ɗan inci 6, kuma a gidaje da dama bangon da ya raba ɗakuna iyakarsa silin. Daga silin zuwa kwano fili ne fetal, ɗakinki da nata a haɗe suke ta sama. Sa'annan akwai ƙarar nan mai kauri, dum-dum ɗin da samari ke kira bes. Ita ba ta tsaya bin iska ba, jikin gini take bi. In aka jingina lasifika da bango ko aka dire ta a kan siminti, bangon kansa ya zama ganga. Amarya a ɗakinta waƙa take ji da muryar mawaƙi, tana shara tana bi. Ke a naki ɗakin ba kya jin waƙar, sai dukan da ke ratsa gado ya shiga ƙirji. Shi ya sa in kin yi ƙorafi take ganin neman magana ne, don a kunnenta abin bai kai ya kawo ba.

Nan ne taɓarya ta ɓata lamari. Bugun bango yana isar da saƙon cewa ranki ya ɓaci, amma bai faɗi abin da kike so a yi ba. Haka habaici a bakin famfo, haka aiken yaro ya je ya ce "wai in ji Mama a rage", don yaro zai faɗa da irin muryar da ya ji kin faɗa. Akwai kuma waɗanda ke ramawa da ƙure karatun Alƙur'ani ko wa'azi, wai su ga wanda zai gaji. Haba 'yan'uwa. Karatu don a saurara ake sa shi, ba don a huce haushi ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki bari sai lokacin da kiɗan yake kashe, ranki kuma a kwance. Ki zuba kunun kanwarki a kwano mai kyau, ki yi sallama a ƙofarta. Ki fara da naki laifin: "Amarya, ki yafe min bugun bangon rannan, rashin barci ne ya sa." Na san da nauyi, ke ce babba, ke aka ɓata wa. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma kalmar nan ita za ta buɗe kunnenta. Kada ki ɗora komai a kai ranar. Washegari in ta kunna, ki leƙa ki ce, "Don Allah bar shi yadda yake, zo ki riƙe min yaron nan in watsa ruwa." Ki zaunar da ita a bakin gadonki da jaririn a hannu. Minti 5 ya isa. Da kunnenta za ta ji, da idonta za ta ga yadda yake zabura. Abin da za ki yi wata guda kina bayani ba a gane ba, bangon zai faɗa mata da kansa.

In an zo roƙo, ki roƙi abin da za ta iya. Kada ki ce ta daina jin kiɗa, kuma kada ki shiga da rigar malanta kina halal da haram. Wannan magana ce mai zaman kanta, tana da masu yin ta da lokacinta, in kika haɗa su za ta tsaya kare kanta ne, jaririnki kuma bai samu barci ba. Ki ce ta matsar da lasifikar daga jikin bangonku zuwa ɗaya ɓangaren, ta ɗora ta a kan kujera da nannaɗaɗɗen zane ko matashi a ƙarƙashi, ta rage dum-dum ɗin. Wannan kaɗai za ki sha mamakin bambancin da zai kawo. Sai ku yanka lokaci, misali tsakanin azahar da la'asar da yaro ke barci, da kuma bayan isha'i.

Ku kuma dubi amaryar nan da idon rahama. Yarinya ce da aka ɗauko daga gida cike da ƙanne da hayaniya, aka ajiye ta a ɗaki ita kaɗai daga safe har dare. Wata ba son kiɗan ne ya yi mata yawa ba, shirun ne take tsoro. In kika jawo ta jiki, ta zo ta taya ki tsinke zogale, ki koya mata dambu, ta goya miki yaro, rabin kiɗan nan zai mutu ba tare da kin sake magana ba.

A naki ɓangaren, ki raba gadonki da wannan bango, ki mayar da wadrob ɗin kaya cike da tufafi wurin. In akwai tsaga ko rami a inda silin ya haɗu da bango, maigida ya sa a toshe. Ƙarar fanka tana ɗan rufe sauran. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tare ƙarar maƙwabta, wahalar banza ce da tara kyankyasai. Kunnen jariri kuwa kada a cusa masa komai, ko auduga.

Saura kiɗan dare, na ango. Wannan ba huruminki ba ne, na maigida ne, haka in maƙwabtan samari ne ko gwauro. Sai dai yadda ake faɗa wa maigida ma ilimi ne. Ba a tarar sa da shi a bakin ƙofa yana cire takalmi. Ya ci, ya sha, ya huta. In ƙarfe 11 ta yi an saki abin, ki ce, "Malam, ɗan taɓa bangon nan ka ji." Sa'annan ki faɗa masa abin da kike so a fili: ya yi wa angon magana a hanyar dawowa daga masallaci, su biyu, ba a gaban mutane ba. Maza da yawa da ke cewa a yi haƙuri ba rashin tausayi ba ne, gudun rigima ne. In ya ga abin da ake nema magana ce ta minti 2, zai yi.

To in an bi duk wannan aka ci tura fa? Akwai irinsu, masu kunnen ƙashi. Sai maigida ya kai wa mai gidan hayar ko wakilinsa, don shi ke da ikon kafa doka a gidansa, kuma ba ya son masu biya a kan kari su tashi. In bai yi ba, ga limamin unguwa, ga mai unguwa, sama da shi ga dagaci. A nan Kano akwai Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003, sulhun maƙwabta yana cikin abin da ake kai mata. Gwamnatin tarayya ma tana da hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, da aka kafa a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idojin hana yawan ƙara a 2009. Na faɗi wannan ne don ku san damun mutane da ƙara ba al'ada ce kawai ta hana ba, hukuma ma ta san da shi. Kafin a je ko'ina, ki riƙa rubuta rana da lokaci, ki ɗauki ƙarar da waya daga cikin ɗakinki, don gaban manya "kullum ne" ba hujja ba ce. Amma ni dai ba na son a yi gaggawar kai wa nan. Ranar da aka dawo daga gaban hukuma, famfon nan ɗaya dai za ku koma. Ranar da naƙuda ko zazzaɓin yaro ya tashi da tsakar dare maigida ba ya nan, ƙofar da ta fi kusa ita za ki buga.

Batun tashi kuwa, ban ce kada a tashi ba har abada, amma ba a kwana 20 da haihuwa ba, ba kuma kafin a gwada magana ba. In har ta kama nan gaba, maigida ya je ganin sabon gidan da dare, ba da hantsi kaɗai ba, ya kuma tambaya ko bangon ya kai har kwano.

Kafin lokaci ya cim mana, mu ma mu shafa kanmu. Malamanmu suna karantar da mu cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Muna jin wannan sai mu tuna haƙƙinmu da ke kan maƙwabta, mu manta nasu da ke kanmu. Injin markaɗenki ƙarfe nawa yake tashi? Janaretan gidanku a ƙarƙashin tagar wa yake kwana? Ni kaina an taɓa kama ni. Farkon fara aikina, a gidan haya, nakan zauna da dare in yi ta maimaita abin da zan karanta gobe da ƙarfi, ina gyara murya. Wata safiya wata dattijuwa da muke bango ɗaya da ita ta amsa gaisuwata ta ce, "'Yata, shirin yau zai yi daɗi, na ji shi sau 3 jiya da dare." Ta yi dariya, na yi, amma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga ranar na koma yi da rana. Saboda haka wadda ta ƙure rediyonta yanzu tana saurarena, alhali maƙwabciyarta na da mara lafiya a kwance, don Allah ki ɗan rage ni.

Ke kuma mai saƙo daga Kurna, asibiti yau, kunun kanwa gobe. Ki aiko min da yadda kuka ƙare da amarya, zan karanta wa 'yan'uwa in kin yarda. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.