ADIRESHIN INTANET DA IKON ƘASA: DARASI DAGA BAKIN TAFKIN KAINJI



Wannan lacca za ta duba tambaya guda: ko ya kyautu ƙasa ta ƙago tsarin adireshin intanet na kanta, ta bar wanda duniya ta haɗu a kansa? Za a nemi amsa daga ƙasar Yauri, inda jama'a suka daɗe da sanin yadda ake zama da abin da ya ratsa ƙasashe da yawa.

YADDA TSARIN YAKE

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lamba, watau adireshinta, kuma tilas ne kada lambar ta yi karo da ta wata. Da yake lamba tana da wuyar riƙewa, sai aka ƙago sunaye, aka kuma ajiye uwar rajista guda da ke nuna wanda ke kula da kowane ƙarshen suna, kamar .ng na Nijeriya da .ne na Nijar. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita ke kula da wannan rajista, kuma sai a watan Oktoba na 2016 Gwamnatin Amurka ta janye hannunta daga sa ido a kanta. Lambobi kuwa hukumomi biyar na yankuna ke raba su. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus, wadda aka amince da ita a 2005.

DALILIN MASU NEMAN WARE KANSU

Ba a rasa ƙasashen da wannan tsari bai kwanta musu ba. A 2019 Rasha ta kafa doka domin intanet ɗinta ta iya tsayawa da ƙafarta, har da rajistar sunaye ta ƙasa. A wannan shekara kuma kamfanin Huawei da hukumomin Sin suka kai wa Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya shawarar wani sabon tsari mai suna New IP, amma bai sami karɓuwa ba. Hujjarsu ita ce, wanda ya riƙe makulli yana iya rufe ƙofa ranar da ya ga dama.

Lalle wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma mutanen Kebbi shaida ne. Akasarin wutar lantarkin da Nijeriya ke ba Nijar ta Birnin Kebbi take bi, amma a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki a Yamai, aka yanke ta, ba a mayar ba sai a 2024. To amma sha'anin intanet ya ɗauki wata hanya dabam. A 2022, sa'ad da yaƙi ya ɓarke, Yukren ta roƙi ICANN ta soke sunan .ru na Rasha. ICANN ta ƙi, ta ce aikinta haɗa hanyoyi ne, ba hukunta ƙasashe ba.

DARASIN KOGI

Kogin Kwara yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Binin, kafin ya iso Yauri. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Shangawa. Nijeriya ta mallaki madatsa, amma ba ta mallaki mafarin ruwa ba; ambaliyar da ke isowa tafkin cikin rani ruwan saman Gini da Mali ce. Saboda haka ne ta shiga Hukumar Kogin Kwara ta 1964, wadda aka sake wa fasali a 1980, mai ƙasashe tara da hedkwata a Yamai. Ikon ƙasa bisa kogi yana tsayawa ga gaɓarta, abin da ya rage sai zama da shawara.

Haka nan adireshin intanet yake. Amfaninsa duka yana ga cewa kowa ya yarda da shi. A ɗauki mai sayar da bandar kifi a kasuwar Yelwa, ko manomin albasa a Ngaski, ko fatake daga Shanga. Cinikinsu yana kaiwa Anaca da Ikko, abokan hulɗarsu suna zuwa daga Nijar da Binin, kuma kuɗi da saƙo sun koma bin wayar hannu. In Nijeriya ta kafa uwar rajista da sauran ƙasashe ba su sani ba, suna ɗaya zai iya kai mutumin Yauri wani wuri, ya kai mutumin Gaya wani wuri dabam. Mayaudara su ne za su fara cin riba, talaka shi ne zai fara yin hasara.

ABIN DA KE HANNUN NIJERIYA

Wannan ba ya nufin ƙasa ta naɗe hannu. Abu na farko shi ne sunanta. An buɗe .ng a 1995, amma shekaru da dama ana gudanar da aikin injinsa daga waje, ana kuma jayayya a gida kan wanda zai riƙe shi. Sai a 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA, a 2009 kuma aka damƙa mata ragamar sunan. Makaranta ko ƙaramar hukuma ko ƙungiyar masunta da ta yi rajista a ƙarƙashin .ng tana cikin tsarin duniya, alhali kuwa hukumar da ke kula da sunanta tana gida.

Na biyu shi ne mahaɗar cikin gida. An kafa IXPN a Ikko a 2006 domin saƙon da ya tashi daga wani gari na Nijeriya zuwa wani ya daina zagayawa ta Turai. Wannan yana rage kuɗi da jinkiri, yana kuma rage ɓarna in igiyoyin ƙarƙashin teku sun tsinke, kamar yadda ya faru a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024.

Na uku shi ne kujera a wurin shawara. Rikicin shari'a ya raunana AFRINIC har kotun Morishus ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Hukumar da ke raba wa nahiya lambobi ba abin sakaci ba ce, kuma jami'o'i da kamfanonin Nijeriya suna da haƙƙin halartar zamanta da zaɓen shugabanninta.

KAMMALAWA

Ƙasar da ta riƙe sunanta, ta gina mahaɗarta, ta kuma horar da injiniyoyin da za su yi magana da yawunta, ta sami ikon da ake iya samu a wannan fage. Wadda ta ware adireshinta kuwa ta yanke kasuwarta da hannunta. Aikin da ya rataya a wuyan jami'o'in Arewa shi ne su yaye waɗannan injiniyoyi, su kuma tabbatar cewa garuruwa irin su Yelwa da Wara sun sami hanya mai ƙarfi zuwa mahaɗar ƙasa.