Keken Tsere a Hanyar Damri

Jawabin da wani ɗalibi ɗan aji biyu ya yi a taron Ƙungiyar Ɗalibai na farkon zango



Na san da yawa daga cikinku ba jawabi kuka zo ji ba, tabon da ke gwiwar hannuna kuka zo gani, domin labarin faɗuwata ya riga ni dawowa makaranta. To, ga tabon, ku more wa idonku. Amma ina roƙonku, in kun gama dariya, ku ara mini kunnuwanku kaɗan.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama wa ɗalibi ƙarfen ƙafa. Saboda haka na ƙudura sayen keke, kuma har yanzu ban ga aibin wannan shawara ba. Inda na kuskure shi ne irin keken da na zaɓa. Na je kanti da niyyar sayen keke irin na kowa, sai idona ya faɗa kan keken tsere, sabo ful, mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, ga rashin nauyi har ka ɗaga shi da hannu ɗaya. Kuɗin da na tara bai kai rabi ba. Yayana, wanda akawu ne a wata ma'aikata a Gusau, ya ranta mini sauran daga albashinsa, a kan in biya shi sannu a hankali. Na haɗa da hular kwano, da safar hannu, da tabarau, da riga mai kama jiki irin ta 'yan tsere. Ban tambayi kowa ba, domin a ganina wanda ya shiga jami'a ya wuce neman shawara a kan keke.

Da aka ba da hutu na ɗora shi bisa mota daga Sakkwato zuwa Talata Mafara, daga nan na hau na nufi garinmu Damri, cikin ƙasar Bakura. Muddin ina kan kwalta, wallahi ji nake kamar tashi zan yi sama. Amma da na kama hanyar ƙasa, sai keke ya fara rawa a hannuna. Wajen la'asar na gangaro wani kwari inda ruwan damina ya tara rairayi. Tayar gaba ta nutse, na firgita na damƙe birkin gaba, ban ankara ba sai ga ni na yi tsalle ta saman kan keken, kaina ya bugi wani dutse. Hula ta tsage, tabarau ya fashe, riga ta kece daga kafaɗa zuwa ƙugu, wilin gaba ya lanƙwashe, ƙarfen canza giya ya shige cikin wayoyin ƙafar baya.

Jama'a, abin da ya fi ciwon tayar mini da hankali shi ne ganin rana tana sunkuyawa ina zaune a bakin hanya. Duk ɗan wajenmu bai manta da watan Mayu na 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa Damri da ƙauyukan kusa da ita suka kashe mutane masu yawa. Tun da tsaro ya taɓarɓare, ba mai son magariba ta riske shi a daji.

Allah ya kawo wani dattijo yana dawowa daga gona bisa tsohon Rali, da damin karmami a kariya. Ya sauka ya ce, "Subhanallahi! Ɗana, mi ya same ka?" Na ce, "Baba, rairayi ne ya kayar da ni." Ya matsa tayar kekena da babban yatsa, ya girgiza kai, ya ce, "Wanga doki naka na birni na. Da ka tambaya, ko yaro ya hwaɗa maka a nan sauka akai a tura." Ya sauke karmaminsa, ya ɗaure kekena a kariya, muka taka tare har gida kafin a kira salla.

A kwanakin da na yi ina jinya na auna maganar dattijon nan da abin da aka koya mana a aji, na tarar ba su saɓa ba. Faɗin tayar keken tsere bai wuce milimita 25 zuwa 28 ba, kuma ana cika ta da iska har ta yi tauri kamar dutse, don ta yi gudu a kan kwalta mai santsi. Ta tsohon Rali kuwa ta kusa milimita 40. Nauyin mutum in ya taru a ɗan siririn wuri, dole taya ta yanka rairayi ta nutse, alhali mai faɗi bi take ta sama. Bugu da ƙari, mahayin keken tsere a duƙe yake, nauyinsa ya rinjaya gaba, shi ya sa birkin gaba yake wurgar da shi. Watau keken ba shi da laifi. An ƙera shi ne domin wata hanya dabam da tamu.

Ranar Talata na kai shi kasuwar Mafara. Masu gyara suka kewaye shi suna kallo, amma ba mai wili ko ƙarfen giya irin nasa. Suka ce sai dai a aika Kano. Kayan Rali da Phoenix kuwa ga su nan jibge a kowace rumfa. Har yau kekena yana rataye a ɗakin mahaifiyata, ni kuma ina biyan bashin yayana.

Kada wani ya ce wannan wautar yaro ce kawai. Mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun mun ga babbar irinta. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, wani kamfanin Italiya ya yi aikin. Aka karɓe gonaki, aka tashi garuruwa, ba tare da an saurari manoma yadda ya kamata ba, har rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980. Mafi yawan filin da aka shirya don noman rani an sa masa na'urorin yayyafa ruwa masu bukatar lantarki da kayan gyara daga waje. Zuwa 2003 na'urorin sun daina aiki, sai ɓangaren da ruwa ke gangarowa ta magudanai ya rage ana nomawa. Ba ina daidaita tabon hannuna da jinin waɗancan bayin Allah ba ne. Abin da nake nufi shi ne, cutar ɗaya ce: ɗan boko ya ga abu ya ba shi sha'awa, ya sayo da kuɗin bashi, bai tambayi mai ƙasa ba. Mu da ke zaune a ɗakin nan, gobe mu ne za mu riƙa sa hannu a takardun sayen kaya da kuɗin talakawa.

Haka kuma kada faɗuwata ta sa wani ya raina keke. A 2001 Ojo Maduekwe, yana Ministan Sufuri, ya riƙa kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har wata bas ta tura shi cikin lambatu a Abuja yana bisa nasa. An yi ta yi masa dariya, amma tsadar mai ta nuna maganarsa tana kan hanya. Abin da ya kamata mu nema shi ne a ware wa masu keke gefensu a titunanmu, mu fara da harabar makarantar nan.

Daga ƙarshe, ga shawara uku. Na ɗaya, kafin ka sayi keke, dubi hanyar garinku, ka kuma tambayi mai gyaran unguwarku ko yana da kayansa. Mai tambaya ba ya ɓata. Na biyu, in ka ga rairayi, rage gudu tun daga nesa, ka ja jikinka baya, ka ƙyale birkin gaba, in ya yi yawa ka sauka ka tura. Na uku, sa hular kwano ko da abokai za su yi maka ba'a. Farin soson da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. In ta taɓa tsagewa ta gama aikinta, sai a sake wata. Cikin duk kayan da na yi hasara, ita kaɗai ce ban yi baƙin cikinta ba, domin da ba ta tsage ba, da kaina ne ya tsage, da kuwa wani ne yake tsaye a nan yana ba ku labarina.

 Allah ya kiyaye mana hanya, ya mayar da zaman lafiya ƙasarmu.